Ɗan Sakkwaton da ya je Gasar Duniya bai bi ta Ingila ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na shiga wani gidan kallon ƙwallo a nan Rabah, na tarar gardama ta kaure tsakanin 'yan aji biyar a kan Harry Kane da Bukayo Saka. Sun san kulob ɗin da ya reni kowannensu, sun san lambar rigarsa. Da aka tafi hutun rabin lokaci sai na jefa musu tambaya: wane ɗan Sakkwato ne ya taɓa buga Gasar Kofin Duniya? Wuri ya yi tsit. Can wani ya ce Ahmed Musa. To, shi a Jos aka haife shi.

Amsar ita ce Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato a 1993. Bai taɓa buga wa kulob ɗin Ingila ba, shi ya sa ba ku ganinsa a talabijin ɗin gidan kallo.

A gida ya yi suna. Yana Kano Pillars lokacin da Sai Masu Gida suka ɗauki kofin gasar Najeriya a 2012 da 2013, daga nan Stephen Keshi ya tafi da shi gasar 'yan wasan Afirka masu buga wasa a gida, wadda aka yi a Afirka ta Kudu a 2014, Najeriya ta zo ta uku. Sai bayan haka ya fita waje: Qadsia a Kuwait, União da Madeira a Fotugal, Anorthosis a tsibirin Kuburus, Bursaspor a Turkiyya, sai Omonia, inda ya ci kofin gasar Kuburus a 2021. Na san babu wanda zai sayi rigar ɗaya daga cikinsu a kasuwar Wurno. Amma albashi suke biya, kuma daga can aka riƙa kiransa Super Eagles.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne Olamfik ta 2016 a Brazil. Tawagar Samson Siasia ta maƙale a Atlanta ta Amurka saboda matsalar jirgi, ba ta sauka Manaus ba sai 'yan sa'o'i kafin wasan farko. A hakan suka doke Japan 5 da 4. Ku da kuke cewa kun gaji don kun taka daga makaranta zuwa fili, ku ji. A wasan neman na uku suka ci Honduras 3 da 2, Sadiq Umar ya jefa biyu, Aminu Umar ɗaya. Wannan tagulla ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta samo a gasar gaba ɗaya, kuma ɗan Sakkwato yana cikin waɗanda aka rataya wa.

Ba duka ne daɗi ba. A 2017 an saka shi a wasa da Aljeriya alhali yana da katin gargaɗi biyu da suka hana shi bugawa, FIFA ta ba Aljeriya wasan 3 da nema. Allah ya taimaka Najeriya ta riga ta samu gurbi. A Rasha a 2018 ya fara wasan da Kuroshiya ta ci mu 2 da nema, sai koci Gernot Rohr ya sauya tsari, wasan Iceland da Ahmed Musa ya ci biyu ya fara shi yana benci. A ganina abin da ya daɗar da shi a tawagar shi ne bai zaɓar wuri: ɗan tsakiya ne mai tare, amma da aka buƙaci mai tsaron baya ta dama, ya koma can ya riƙe.

Dalilin da na ɗauko wannan magana shi ne wani ƙanena ɗan aji shida, gwani ne ƙwarai, ba na musu. Ya zo mini da labarin wani mutum da ya ce zai kai shi gwaji Ingila in an haɗa masa kuɗi, har yana tunanin barin jarrabawar WAEC, a sayar da ragunan gida. Shekararsa 17. Dokar FIFA ta hana kulob ɗaukar yaro daga wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi da ba su shafe shi ba. Ko ya cika ma, Ingila ba ta ba baƙon ɗan wasa izinin aiki sai an duba matakin gasar da yake bugawa da wasannin da ya yi wa ƙasarsa. Ƙanena ko filin Giginya bai taɓa takawa da takalmin ƙwallo ba.

Na ce masa ya koma wurin mutumin ya karɓo sunan kulob ɗin da takardar gayyata, mu kai wa malamin wasanni na makarantarsu ya duba. Mako uku ke nan, mutumin yana ta cewa gobe. Ragunan dai suna nan a turke, kuma na ga yaron ya koma darasin yamma.