Darasin huhu ba na haddar jarrabawa ba ne

Duk shekara makarantun koyon aikin kiwon lafiya na Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa, na gwamnati da masu zaman kansu, suna yaye ɗimbin ma'aikatan jinya. Kusan kowannensu zai iya zana hanyar numfashi a allo, ya jero sunayen gaɓoɓinta da Faransanci ba tuntuɓe. Jarrabawar gaskiya kuwa tana can a CSI na karkara, ranar da uwa za ta kwanto jariri daga goyo yana tari, jikinsa zafi rau, babu likita, babu na'urar hoton ƙirji, sai majo da agogon hannunsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 ciwon huhu, wanda mutane suka fi sani da ciwon haƙarƙari, ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar fiye da 700,000 a duniya. Nijar tana cikin ƙasashen da abin ya fi yi wa ɓarna, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke turnuƙe gari, a kuma rufe ɗaki ruf da garwashi ko hayaƙin itace a ciki. Yaron da tamowa ko ƙyanda ta riga ta raunana, shi ne ciwon ke saurin kayarwa.

Hanyar gane shi tun da wuri ba ta buƙatar ko dala. A buɗe ƙirjin yaro yana natse, ba yana kuka ba, a ƙirga numfashinsa minti guda cur. Jaririn da bai kai wata biyu ba, idan ya kai 60, akwai haɗari. Daga wata 2 zuwa 11 ma'aunin 50 ne, daga shekara ɗaya zuwa biyar kuma 40. Ɗalibai suna haddace waɗannan alƙaluma domin suna cikin tsarin kula da cututtukan yara da ake koyar da su. Abin tambaya shi ne nawa ne cikinsu ake tsayarwa gaban yaro na gaske, malami na kallo, har hannu da ido su saba.

Kuma wanda ya fahimci yadda huhu yake aiki ba ya buƙatar hadda. Iska na bi ta hanci da maƙoshi, ta sauka bututun da ya rabu biyu, ya yi ta rassa har ya ƙare a miliyoyin ƴan ƙananan jakunkuna inda jini ke karɓar iskar oksijin. Idan ƙwayar cuta ta cika jakunkunan da ruwa da mugunya, wurin karɓar iskar ya ragu, sai jiki ya rama da saurin numfashi. Haƙarƙarin ƙaramin yaro bai yi ƙwari ba, shi ya sa idan huhun ya yi tauri, ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska. Ma'aikacin da ya san dalilin wannan lotsawar ba zai ba da maganin tari ya sallami uwa ba. Zai san wanda amoksisilin zai wadatar a gida, da wanda ya kasa shan nono ko yake ta barci ba ya farkawa, wanda dole a tura babban asibiti inda akwai oksijin tun kafin dare.

Haka ma bututun huhun dama, da ya fi na hagu faɗi da miƙewa. A littafi layi ɗaya ne. A ƙasar da yara ke wasa da gujiya a baki kuwa, bayani ne kan inda ƙwayar da ta sarƙe yaro ta fi faɗawa, da dalilin da tarin da ya fara kwatsam ana cikin cin abinci ba mura ba ne.

Sai batun harshe, wanda makarantun suka yi wa riƙon sakainar kashi. Ana koyar da komai da Faransanci, alhali matar da ta zo daga Dakoro ko Matamai da Hausa za ta yi bayani, da Hausa kuma za ta ji ko ta ƙi ji. Idan ma'aikaci bai iya gaya mata a fili me ke faruwa a ƙirjin ɗanta ba, wanzami zai gaya mata nasa, ya cire beli ko ya yi tsaga a haƙarƙari, kwana uku masu tsada su wuce.

Gwamnati ta mayar da kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta tun 2006, rigakafin ƙwayar da ta fi haddasa ciwon huhu kuma ya shiga jerin alluran jarirai a 2014. Duk da haka yaro ba ya amfana sai an gane ciwonsa a kan lokaci. Kamata ya yi ma'aikatar lafiya ta sa ƙirga numfashi da yi wa uwa bayani da harshenta su zama sharaɗin samun takardar kammalawa, musamman a makarantu masu zaman kansu da ke ta ƙaruwa.

Ƴan ci-rani da ke Libiya, Aljeriya ko Kwaddibuwa, waɗanda ake bugo wa waya cewa yaro ba lafiya a turo kuɗin magani, su ma suna da tambayar da za su yi kafin su aika: numfashinsa nawa a minti ɗaya, kuma ƙirjinsa yana lotsawa?