GIDA DA GYARA: Sokawen Da Ba Ya Cika, Ina Yake Kai Kayansa?

  Yau ku yi mini uzuri, maganar ba ta kan tabarmar cin abinci ba ce. Zancen ramin bayan gida za mu yi, wanda mutanen Najeriya ke ce wa sokawe, masu zama ƙasashen renon Faransa su ce fos, 'yan Gana kuma su ce manhol.

Bari in fara da abin da ya same ni. Gidan hayar da na fara zama da iyali a Kwatano, ranar da muka je dubawa mai gidan ya tsaya kan marfin ramin ya buga ƙafa, ya ce, "Alhaji, shekara bakwai ban taɓa kiran motar kwasa ba. Wannan ba ya cika." Ni kuwa har da cewa madalla, an rage mana kashe kuɗi. Rijiyar gidan tana nan gefe, taku goma ba ta kai ba. Ruwan leda muke saye na sha, amma da na rijiyar ake wanke-wanke, da shi ake wa yara wanka, da shi suke kurkure baki.

Damina ta farko, autarmu ta kwanta da gudawa sau uku. Muka ɗora wa haƙori, muka ɗora wa sauyin wuri. Uwargida ce ta fara cewa, "Maigida, ruwan rijiyar nan fa in ya kwana a bokiti wani bashi-bashi yake yi." Na ce ai haka ruwan bakin teku yake. Sai da yarinyar ta kwana biyu a asibiti ana ƙara mata ruwa sannan na yarda a buɗe ramin. Da aka kwashe aka haska, sai ga tsaga a bangon da ke fuskantar rijiya, yatsa zai shiga. Shekara bakwai ɗin da ake mana alfahari da su, ashe ƙasa ce ke sha, rijiya na karɓa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kafin a gane yoyo, sai an san yadda abin yake aiki. Duk da muna haɗa su da suna ɗaya, ramuka biyu ne masu aiki daban. Na farko tanki ne da aka yi wa kankare a ƙasa, aka yi wa bangonsa filasta, galibi an raba shi ɗaki biyu. Aikinsa ya riƙe komai: mai nauyi ya kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ne kawai ke bin bututu ya fita. Na biyu shi ne ramin tsotsa, wanda aka bar wa ƙofofi da gangan don ruwan ya riƙa shiga ƙasa a hankali, ƙasa tana tace shi. Saboda haka tankin farko kullum a cike yake har zuwa bakin bututun fita, kuma dole laka ta taru a riƙa kwashewa, a ƙa'ida duk bayan shekara 3 zuwa 5. Gidan haya mai ɗaki goma ba zai ma kai haka ba. In aka ce maka tanki ya shekara bakwai ba a taɓa shi ba a gida mai jama'a, kada ka ce madalla irin tawa. Ka tambaya: ina yake kai kayansa?

Abin ya fi tsanani a garuruwan bakin teku. A Kano ko Maraɗi sai ka yi gaba da yawa kafin ka tarar da ruwa. A Kwatano, da ke zaune kan yashi tsakanin teku da tafkin Nokuwe, akwai unguwannin da in ka haƙa tsayin mutum ɗaya ko biyu ka kai ruwa, kuma damina biyu ake yi a shekara. Lome da wasu sassan Duwala ma kusan haka ne. Yashi kuwa ba ya riƙe sirri. Ma'aikatan lafiya suna so a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin bayan gida da rijiya, gindin ramin kuma ya fi ruwan ƙasa tudu da mita ɗaya da rabi. Ku faɗi gaskiya, gidaje nawa ne a zangunanmu suke da wannan filin? Waɗanda ke Akara a 2014 ba su manta da kwalarar da ta kama dubban mutane a Gana ba, ta kashe sama da 200. Hanyar cutar ɗaya ce da ta taifot: daga bayan gida zuwa baki.

To yaya za a gane? Akwai alamun da ba sa buƙatar kira kowa. Wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi a tsakar gida, musamman da asuba ko bayan ruwan sama. Wuri guda da ba ya bushewa ko da rani. Ciyawa da ta yi kore shar a gefen ramin alhali ta sauran gidan ta ƙone. Ƙasa ko daɓen da ya fara lotsawa kusa da marfi. Katangar da ta jiƙe daga ƙasa, fenti na ɓarewa. Kyankyasai da sauro da suka yi yawa ba dalili. Sai kuma uwa uba, yara suna ta gudawa bi da bi.

In an ga ɗaya daga ciki, a yi gwajin sanda. A buɗe marfin tankin farko, a ja da baya iska ta fita, a zura doguwar sanda. Ruwan ya kamata ya tsaya daidai da gindin bututun fita. In ya yi ƙasa da nan, kuma ba kwanan nan aka kwashe ba, to yana zurarewa. Don a tabbatar, a yi alama a sandar bayan sallar isha, a roƙi mutanen gida kada kowa ya zuba ruwa har asuba, sannan a sake aunawa. In an samu a yi yini da kwana, ya fi. Tanki mai lafiya ba ya sauka. In kuwa ruwan ya haura bututun, to ba yoyo ba ne, toshewa ce, ko dai bututun ko ramin tsotsar ya ƙoshi.

Akwai kuma yoyon da ke shigowa ciki. Ka biya mota ta kwashe, bayan mako biyu da damina ya sake tumbatsa yana dawowa bandaki. Wannan ruwan ƙasa ne ke shiga ta tsaga, ko ruwan indararo ta bakin marfi. Wani lokacin ma ɓarawon yana cikin ɗaki: tankin filoshin da ke ɗiga dare da rana. A zuba bulun wanki a cikinsa, a jira minti 20 ba a ja ba. In shuɗi ya sauko cikin masai, robar ciki ta mutu, kuɗinta bai kai na cefanen yini ba. Shi wannan bulun, in aka zuba da yawa aka kora, yakan nuna inda bututu ya fashe tsakanin bandaki da cemba. Amma a kula, rashin ganin shuɗi a rijiya ba shaidar cewa ruwan ya tsira ba ne.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi duk abin da na faɗa. Don Allah kada wani ya shiga ramin nan, kada kuma a sa yaron shago ko ɗan dako ya shiga don za a ba shi na goro. Iskar ciki tana sumar da ƙato cikin daƙiƙu, kuma in ta yi ƙarfi hanci ma daina jin warin yake yi. Sau da yawa ba mutum ɗaya ake rasawa ba, wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama. Ba a kunna ashana ko sigari a bakinsa, domin iskar na kamawa da wuta. Ba a barin marfi a buɗe a tafi sallah, ga yara na guje-guje.

Gyara kuwa ya danganta da inda ciwon yake. Mafi yawan yoyo a wuyan bututu yake, wurin da ya shiga bango, ko a bututun da ya karye saboda an faka mota ko an jibge buhunan shinkafa da albasa a kansa. Mu 'yan kasuwa wannan laifinmu ne, kowane fili sito ne a wurinmu. Wannan ana haƙawa ta waje a canja bututu a liƙe. Saiwar mangwaro ko darbejiya ma tana bin danshi ta fasa bango, kuma in ba a raba ta da wurin ba za ta dawo. In tsagar a bango take ko a gindi, sai an kwashe tas, an wanke, an bar shi ya sha iska sosai, sannan ƙwararrun da ke da kayan aikin su sassaƙe tsagar su cike, su sake filasta da siminti mai ƙarfi haɗe da maganin hana ruwa, a bari ya kama kafin a ci gaba da amfani. Shafa siminti kan jiƙaƙƙen bango mai ƙazanta asarar kuɗi ce. A auna aikin da rani, domin tankin da aka kwashe a tsakiyar damina ruwan ƙasa na iya danna bangonsa ya rufta, na roba kuwa ya taso sama. In bulon ya riga ya ruɓe, a haƙura a sake gini. Kuma duk maginin da ya ce bari ya huda gindin don ya daina cika, ku sallame shi. Ba gyara ya zo yi ba, rijiyar maƙwabci zai kashe.

Bayan an gama, rijiyar ma tana da nata haƙƙin: a kwashe ta, a sa mata kulorin, in da hali a kai ruwan a auna. Kafin nan, duk ruwan da zai shiga bakin yaro a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka. Mun san a fiƙihu ruwan da najasa ta canja masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba a alwala da shi. Sai dai ƙwayar cuta ba ta jiran ruwa ya canja, yana nan garau take aikinta.

Na san tambayar da ke ranku: mu da ke haya, wa zai biya? Tsagar bango ta mai gida ce, kwasa kuwa galibi 'yan haya ke haɗawa. Abin da ya fisshe mu shi ne mun ɗauki hoton tsagar a waya, muka je mu huɗu tare da wani dattijon zango, aka rubuta cewa za mu yi aikin a cire daga kuɗin haya. Baƙo ba ya cin riba a faɗa, amma takarda tana magana. Masu gini a gida kuma, da ake turo muku hoton falo da tayil, ku ce a turo na cikin sokawe kafin a rufe, da tazararsa da rijiya ko burtsatse. Tun ran gini ran zane.

Autar tamu yanzu ta shiga aji uku, Alhamdulillahi. Ni kuwa duk gidan da zan kama, kafin in tambayi kuɗin ɗaki sai na tambayi yaushe rabon motar kwasa da gidan.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba tankin ruwan saman rufi da abin da ke kwance a gindinsa. Allah ya tsare mana iyali, ya sa albarka a nema.