Madugun Makaɗa Da Ya Kai Beethoven Unguwar Talakawa

A watan Oktoban 2009, Gustavo Dudamel ya karɓi jagorancin babbar ƙungiyar makaɗa ta Los Angeles yana ɗan shekara 28. Kowa ya san irin bikin da aka saba yi wa sabon madugu: tikiti mai tsada, manyan mutane cikin kwat. Shi kuwa ya fara da wasa kyauta a filin Hollywood Bowl, inda mutum kusan dubu 18 suka saurari kiɗa na tara na Beethoven, kuma yaran unguwannin marasa galihu na cikin waɗanda suka hau dandamali da gogensu. A ganina, wannan dare ya amsa tambayar da masu kiɗan gargajiyar Turai suka daɗe suna yi, wato me ya sa talaka ba ya zuwa zaurensu.

Dudamel ya san amsar ne domin daga can ya fito. An haife shi a 1981 a garin Barquisimeto na ƙasar Benezuwela, mahaifinsa mabushi ne a ƙungiyar kiɗan salsa. Ya koyi goge a shirin El Sistema, wanda José Antonio Abreu, masanin tattalin arziki kuma makaɗi, ya kafa a 1975 da matasa 11 a wani wurin ajiye motoci a Karakas. Tsarin ba shi da wuyar fahimta: a ba yaro kayan kiɗa kyauta, a zaunar da shi cikin tsaransa bayan an tashi makaranta, su koya tare tun ranar farko. Yana ɗan shekara 18 aka ba shi ƙungiyar matasa ta Simón Bolívar, a 2004 kuma ya ci gasar madugai ta Mahler a Bamberg da ke Jamus.

Mutane sun fi yaba kuzarinsa, yadda yake juya sanda kamar jikinsa duka ne ke kiɗan. Gaskiya ne, wanda ya ga wasansa da ƙungiyar Simón Bolívar a Landan a 2007, matasa sanye da riguna masu launin tutar ƙasarsu suna rawa da kayan kiɗa a hannu, ba zai manta ba. Amma kuzari na cika zaure ne dare ɗaya. Abin da ke riƙe mutane shi ne shirin YOLA da aka fara a Los Angeles a 2007, wanda ke koyar da yara kiɗa kyauta. Uwar da 'yarta ke goga Mozart a ɗaki kullum ba ta bukatar wani ya roƙe ta zuwa wasa. Za ta zo, ta kuma jawo maƙwabta. Kuma ba a rage wa kiɗan nauyi don a samu masu saurare ba. Kiɗan Mahler ɗin da ake yi wa attajirai shi ake koya wa yaran.

Ba na rufe ido ga sukar da ake yi. Mai bincike Geoffrey Baker ya wallafa littafi a 2014 yana zargin El Sistema da tsananin horo da kuma rashin hujja kan cewa yana fitar da mutane daga talauci. An kuma daɗe ana zargin Dudamel da yin shiru kan gwamnatin da ke ɗaukar nauyin shirin, sai a 2017, bayan an harbe wani matashin makaɗin shirin a zanga-zanga, ya fito ya yi magana. Daga nan gwamnatin Shugaba Maduro ta soke tafiyarsa da ƙungiyar makaɗa matasa ta ƙasar zuwa Amurka. Dudamel ya makara, amma ya biya farashi.

A 2023, ƙungiyar makaɗa ta New York ta zaɓe shi madugunta daga 2026. Ni dai ba da yawan tikitin da aka sayar zan auna shi ba. Zan duba yara nawa na unguwannin Bronx da Harlem suka samu goge a hannu.