Ƙonewar kwayil ba laifin wuta ba ne kaɗai

Mai rijiyar burtsatse ko injin markaɗe a Mabera da ke Sakkwato ya san yadda ake yi idan kwayil ya ƙone: a ɗora wa Kaduna Electric laifi, a kai injin wurin mai rewayin, a dawo a jira ƙonewa ta gaba. Wutar tana da nata laifi, babu musu. Amma mu ma muna da namu, domin kai tsaye muke jona injin da layi. Injin lantarki irin wanda Nikola Tesla ya yi wa rajista a 1888, idan aka tayar da shi haka, yakan zuƙi wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake sha yana tsakiyar aiki, kuma idan wutar ta yi rauni sai ya ƙara zuƙa don ya ja nauyin da ke kansa. Zafin da hakan ke haifarwa shi ke cinye rufin wayar.

Inda ya kamata kuɗinmu ya tafi shi ne inbata mai tuƙa injin, musamman mai aiki da hasashe. Ƙaramar kwamfutar cikinta tana auna wutar da ke ratsa kwayil sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, ta lissafa inda za ta kai nan gaba kaɗan, sannan ta zaɓi abin da za ta ba injin tun bai wuce gona da iri ba. Sai dai lissafin ya dogara ne ga bayanan injin da aka ba ta, kuma a nan Sakkwato take da nata hali. Turjiyar wayar tagulla tana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10, a garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40 tun ba a kunna komai ba. Injin da aka yi wa rewayin da duk wayar da ta samu a kasuwa kuwa, ya riga ya tashi daga abin da aka rubuta a jikinsa. Na'urar da ta gaskata rubutun nan hasashen banza za ta yi. Wadda ta dace da mu ita ce mai gwada hasashenta da abin da ta auna, tana gyara kanta.

Wani zai ce sitabilaiza ta wadatar. Ita ƙarfin wutar layi kawai take daidaitawa, ba ruwanta da zuƙar da injin ke yi wajen tashi. Wani zai ce tsada, kuma gaskiya ne ga mai ƙaramin markaɗe. Mai sayar da ruwa dai ya haɗa kuɗin rewayin da na ciro famfo daga rijiya da kwanakin da bai yi ciniki ba, ya gwada da kuɗin inbata. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta gyara, don ƙura da zafi suna kashe inbata ita ma, kuma mai rewayin ba aikinsa ba ne. Wannan giɓi na Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne su cike, da gajeren horo ga masu gyaran da ke cikin unguwa, kan saita na'urar da sauya abin da ya ƙone a cikinta.