Zambon intanet da wasan taubasai

A shekarar 2004 wata Ba'amurkiya, Sherrod DeGrippo, ta buɗe Encyclopedia Dramatica, kundin da kowa ke iya rubutu cikinsa, domin a tara rigingimun ƴan intanet a sha dariya. Raha ta rikiɗe zagi. A 2011 aka rufe shi, wasu suka sake tada shi.

A kasuwar Tawa, mai zolayar taubashinsa ya san iyaka, domin gobe za su haɗu wajen biki. Wasan nan ne UNESCO ta karrama a 2014. Amma saƙon muryar da ake turowa ta WhatsApp daga Abijan zuwa ƙauyukan Adar ba shi da dattijon da zai ce "ya isa". Tun 2024 kuwa, ɓata suna ta intanet na iya kai mutum gidan kaso a Nijar.