Agogon hannu ba ya auna ƙarfin zuciya, amma waya ta fara iyawa

Tun da Apple ya sa ECG a agogonsa na Series 4 a 2018, sauran kamfanoni suka bi sahu, matasa da yawa sun ɗauka duk wanda ya ɗaura agogon zamani ya gama da batun zuciya. Agogon yana karanta lantarkin da ke sa zuciya bugawa ne ta layi ɗaya tak, alhali na asibiti layi 12 ne. Zai iya gano bugun da ya rikice, amma ba shi da labarin yawan jinin da zuciya ke turawa.

Wannan adadi shi likitoci ke kira EF, wato kason jinin da ɗakin hagu na ƙasan zuciya ke harbawa a kowane bugu. Idan ɗakin ya cika da mililita 120 ya fitar da 70, EF ya kama kusan kashi 58 cikin ɗari. Lafiyayyar zuciya tana tsakanin 50 da 70, ƙasa da 40 kuwa ta raunana. Sai an ɗauki hoton zuciya ake samun wannan lissafi.

A wajen daidaito MRI ce a gaba, babu gardama. Tana ɗaukar zuciya yanki-yanki daga sama har ƙasa, ta auna girmanta ba kintace, har tabon da ke cikin tsoka tana nunawa. Sai dai aikin yakan ci kusan awa guda, mutum yana kwance yana riƙe numfashi sau da yawa, ga maganaɗisun da dole a riƙa sanyaya shi dare da rana. Wanda haki ya hana shi kwanciya ba zai jure ba. CT tana da sauri, amma akwai tururin radiyeshin da ruwan rini da ake sa wa a jijiya, kuma ta fi amfani wajen duba toshewar jijiyoyin zuciya. Gwajin MUGA kuwa ya dogara da sinadarin da rabin ƙarfinsa ke tafiya cikin awa 6.

Saura eko, wanda Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara a Suwidin a 1953. Fasahar sauti ce, irin ta sikanin masu juna biyu. Yana da aibi, kuma masu tallata shi ba su cika faɗa ba: daga kusurwa biyu kawai ake zana iyakar ɗakin, manhaja ta raba shi faifai 20 ta ƙiyasta sauran. Ma'aikata biyu za su iya duba mutum ɗaya su bambanta da maki kusan 10.

Duk da haka, a arewacin Najeriya eko ne ya cancanci kuɗin. Yankin yana cikin wuraren da raunin zuciya na bayan haihuwa ya fi yawa a duniya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta a kansa. Mai jego ta kumbura ƙafa, tana haki, ba ta iya kwanciya, a gida a ce gajiyar haihuwa ce. Ana tabbatar da cutar idan EF ya gaza 45. Tsakanin zuciya mai 25 da mai 60, kuskuren maki 10 ba ya ɓoye komai. Kuɗin MRI guda ɗaya zai sayi ƙananan na'urorin eko masu yawan gaske.

Kuma na'urorin sun riga sun shigo aljihu. Butterfly iQ da Philips Lumify kai ne kawai da ake jona wa waya ko tablet, allon wayar ya zama allon sikanin. A 2020 hukumar FDA ta Amurka ta amince da manhajar Caption Guidance, wadda ke nuna wa ma'aikacin da bai ƙware ba inda zai karkata hannu har hoto ya fito. Ba abin saye a ajiye a gida ba ne, hoto ba tare da mai fassara shi ba tsoro kawai yake ƙarawa.

Gurbin da ya rage na masu rubuta manhaja ne: hanyar da ungozoma a ƙaramin asibiti za ta ɗauki bidiyon daƙiƙa kaɗan, waya ta matse shi, ta ajiye idan babu sabis, ta tura wa likitan zuciya a Kano ko Sakkwato da zarar sabis ya dawo.