Ba A Cinikin Biri A Sama: Yadda Ake Tallata Haja Ga Masu Rubuta Manhaja

A wannan makon za mu leƙa wata sana'a da ba a cika ambatonta ba idan ana maganar kwamfuta, kuma za mu faro ne daga gona, domin mu 'yan Sabuwa nan muka fi wayo.

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa kasuwar Dandume ya san manomi ba ya sayen sabon irin masara don mai kaya ya iya zuba zance. Sai ya ga gonar da aka shuka shi, ya duba girman zangarniya, ya tambayi buhu nawa ta ba da. Shi ya sa malaman gona ke yin gonar gwaji a bakin hanya. Gani ya kori ji.

Haka mai rubuta manhaja yake. Akwai kamfanonin da shi ne mai sayen kayansu: masu ba da hanyar karɓar kuɗi a cikin manhaja, masu tura saƙon waya, masu ba da hayar wurin ajiye bayanai. Irin wannan mai saye ba ya kula da allon talla ko waƙar rediyo. Tambayarsa ɗaya ce: abin nan zai yi mini aiki, kuma cikin minti nawa zan gwada shi? Saboda haka tallar da ke cin kasuwa a wurinsa ita ce koyarwa, wato jagora bayyananne, misalin da zai kwafa ya ga ya yi aiki, da amsar matsalar da ta hana shi barci.

Ga misali daga gida Najeriya. A 2015 Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa Paystack, mai taimaka wa 'yan kasuwa karɓar kuɗi ta intanet. Kamfanin ya tanadi jagora dalla-dalla, ya kuma ba masu rubuta manhaja damar gwaji ba tare da an taɓa kuɗin gaske ba. Wannan ita ce gonar gwajinsu. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka, wanda shi ma ya yi suna da irin wannan jagora, ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200.

To ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne mutane ne ke rubuta waɗannan darussa, kuma ana biyansu. Ba sai ka zama gwanin gwanaye ba. Abin da ake bukata shi ne ka fahimci abu, ka iya bayyana shi yadda na bayanka zai gane. Ɗalibar da ƙawayenta ke zagayewa kafin jarrabawar lissafi ta riga ta mallaki rabin sana'ar.

Kuma muna da abin da marubucin Legas ba shi da shi. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara. Mun san yadda rayuwa take idan babu sabis. Mun san tsadar data, mun san wayar da ba ta da wurin ajiya. Darasin da ya nuna yadda manhaja za ta ci gaba da aiki idan sabis ya ɗauke, ko yadda za a yi amfani da lambobin USSD a ƙaramar waya, mu ya kamata mu rubuta shi, da Hausa da Turanci.

Ga shawararmu. Ka zaɓi abu ɗaya ka koye shi sosai, ko ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ko a wurin wani yayanka da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma. Duk matsalar da ka warware, ka rubuta matakanta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka ba abokinka ya bi ba tare da ka ce masa uffan ba. Inda ya tsaya yana sosa kai, nan rubutunka ke da gyara.

Sai gargaɗi. Idan wata rana kamfani ya biya ka ka rubuta a kan hajarsa, ka faɗa wa masu karatu an biya ka, kuma kada ka ɓoye abin da hajar ba ta iya yi. Mai rubuta manhaja zai gwada duk abin da ka faɗa a ranar. Ya kama ka da ƙarya sau ɗaya, ba zai sake karanta ka ba, kuma zai gaya wa abokansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Aikin gida na wannan makon: ku rubuta mana, cikin matakai biyar, yadda ake yin wani abu ɗaya a waya da kakarku za ta iya bi. Sai mun ji daga gare ku.